Munzali Na-Jamus da Motar Ruwan Hoda

Wani mutum ne a layinmu na masu gyara, can Tudun Wadan Kaduna, ana ce masa Munzali Na-Jamus. Kar ka tambaye ni yaushe ya je Jamus. Ni dai tun ina da gashi a kaina nake walda a shagon da ke jikin nasa, kuma tafiya mafi nisa da na san ya yi ita ce Kafanchan, ita ma ta'aziyya ce ta kai shi, ya dawo yana amai. Amma in ka zauna a bencinsa da kofin shayi, kafin shayin ya huce ya kai ka Jamus ya dawo da kai. Ya san sanyin can. Ya san yadda suke ɗaure kusa. Har da wani Bature ubangidansa da ya rungume shi yana kuka ranar da zai taho, wai ƙasar ta yi rashi.

Sana'arsa gyaran fanka da dutsen guga da ƙananan janareta. Ba zan zalunce shi ba, yana gyarawa. In ka kawo masa fanka mai lamba uku, za ta koma gida tana juyawa. Da lamba ɗaya. Wani lokaci da baya. In ka yi magana ya ce a can haka ake so, iskar baya ta fi lafiya ga ƙirji.

Abin da ke ƙona min rai da mutumin nan shi ne, babu abin da za a ambata a duniya ya bar shi ya wuce. A yi zancen jirgin ruwa, ya taɓa kwance injinsa. A yi zancen ciwon koda, da hannunsa ya riƙe wa likita fitila. Rannan akuyar mai shayi ta kasa haihuwa, sai da ya ba da shawara.

To, akwai wani Alhaji Ɗayyabu da ke shigowa layinmu. Kayan gyaran babur yake shigowa da su daga Chaina. Mutum ne mai sanyin magana, ba ya fushi a fuska, ko gidansa ke ci da wuta sai ya gama gaisuwa zai faɗa maka. Abu ɗaya ke motsa shi, motar wasa mai rimot. Ba irin wadda ake saya wa yara ranar Sallah ba. Wannan tsawonta ya kai kamu, kuma in ta ɗauki gudu ɗan acaɓa ba ya ganin ƙurarta. Su wasu manya ne masu furfura a gemu suke haɗuwa duk Asabar a wani fili bayan gari, kowa da tasa, suna tsere, suna ihu kamar an raba musu gado.

Alhaji ya aika a kawo wa motarsa sababbin ƙarafa na alminiyam: hannayen da ke riƙe tayoyi, da farantin ƙasa, da 'yan ginshiƙan da shokozoba, masu shanye gargada, ke hawa. Ja ya ce a kawo masa. Da aka buɗe kwali sai ga ruwan hoda. Ba kuma ruwan hoda mai kunya ba, irin wanda ake hangowa daga tsallaken titi. Ya rasa yadda zai yi, ya ɗaura su haka nan ya je fili.

A nan abokin hamayyarsa, Alhaji Nata'ala, ya sa wa motar suna Amarya. Duk kwanar da ta sha sai ya toshe hanci ya rangaɗa guɗa, sauran su amsa. Ƙato da jikoki, yana ayyiriri a fili. Ko ta zo ta ɗaya, ba a cewa Alhaji Ɗayyabu ya ci, sai a ce amarya ta tare.

Ranar wata Laraba Alhaji ya zo shagona da ɗaya daga cikin ƙarafan a hannu.

"Malam Haladu, kai ne mai ƙarfe. Launin nan nake so ya fita. Na sa fetur, na sa tina, na goga sanfefa har na ji tsoron in cinye shi. Ko gezau."

Na juya abin nan, na karce shi da farce. Ba fenti ba ne. Daga baya aka gaya min a masana'anta ake tsoma shi a wani ruwan magani a sa masa lantarki, sai ƙarfen ya yi fata, launin ya shige cikin fatar ya zauna. A ranar dai ban san wannan ba.

Na ce, "Alhaji, ni haɗa ƙarfe nake yi. Wannan ba layina ba ne."

Ya ce, "Ai ka ji matsalar. Shi ya sa tafiyar da zan yi Chaina wata mai kamawa nake neman wanda ya san ƙarfe ya raka ni, ya riƙa duba min kaya kafin a loda. Na gaji da in ce ja a kawo min kayan lefe."

Bangon da ke tsakanina da Munzali na langa-langa ne. Kalmar Chaina ba ta gama fita daga bakin Alhaji ba sai na ji ƙaram! an yar da sukundireba. Sai ga shi a ƙofa yana goge hannu da tsumma.

"Salamu alaikum. Ranka ya daɗe, in gani."

Ya karɓa. Ya ɗaga shi sama. Ya shinshina. Ya ƙwanƙwasa shi a haƙori. Sannan ya yi wata 'yar dariya ta tausayi.

"Wannan ne ya hana ka barci, Alhaji? A Jamus 'yan koyo ake bar wa wannan. Mu manya ba ma taɓawa."

"Za ka iya?"

"Ranka ya daɗe, tambayar ma ta ɗan yi min ciwo."

Alhaji ya dube shi sama da ƙasa. "In ka cire min launin nan kafin Asabar, kujerar jirgin nan taka ce. Kana da fasfo?"

"Ya cika, Alhaji. Tambura sun cinye shi, ba wurin sa hannu."

"A yi sabo."

Alhaji na fita na ga mutuminka ya zagaya bayan shago ya tsuguna da waya. Na leƙa ta ramin langa-langa. Bidiyo yake kallo. Wani mutum ne da safar hannu yana magana da yaren da daga ni har Munzali ba mai ji, ya zuba wani farin abu kamar sukari a ruwa, ya tsoma ƙarfe mai launi. Ruwan ya fara rinewa. Daidai nan hoton ya tsaya, wata 'yar da'ira ta hau juyawa. Data ta ƙare.

Sai ga shi yana murmushi. "Haladu, ɗan ara min wayarka."

Na ce, "Wanda ya yi Jamus me zai yi da wayar mai walda? Kira Baturen naka."

Ya ce baƙin ciki ne zai kashe ni, ya fita.

Amma shegen yana da ido. Farin abin nan ya gane shi, sodar da mata ke yin sabulu da ita ce. Ya faki idon mutane ya shiga kasuwa ya sayo, ya juye ta a gwangwanin madara, ya naɗe gwangwanin da baƙin salatif. Da ya dawo layi sunanta ya koma garin Jamus, kuma wai saura kaɗan cikin wanda ya taho da shi.

Ya yanke gorar roba, ya zuba ruwa, ya barbaɗa garin, ya jefa ƙarfen. Ya sa yatsa zai juya. Sai na ji "Wayyo!" ya yi tsalle ya dire a kan ƙafata.

"Lafiya?"

"Gaisawa muka yi. Ya gane ni."

To ga abin haushin. Abin ya yi aiki. Muna tsaye ruwan ya fara kumfa, sisisi, ya koma kamar an jiƙa zoɓo. Munzali ya zaro ƙarfen da filaya, sai ya fito baƙi ƙirin. Na ga gumi ya tsattsafo masa a goshi, leɓensa na motsi, ina jin addu'a yake. Ya ɗauraye shi, ya goga tsumma. Baƙin ya bi tsumman. Sai ga farin ƙarfe tas, ba ɗigon ruwan hoda.

Wallahi shi kansa sai da ya ja da baya. Amma kafin ka ce me, ya gyara tsayuwa.

"Kun gani? Ba na son yawan magana."

Ya ɗauki ƙarfen nan ya bi layi da shi shago-shago. Mai faci ya gani, mai gyaran rediyo ya gani, har makahon da ke zama gindin dalbejiya sai da aka ba shi ya shafa.

Washegari Alhaji ya zo ya duba. Ya gyaɗa kai.

"Ya fita. Sai dai bai da haske. Kamar tsohon cokali. Na Nata'ala har fuskarka kake gani a jiki."

A nan ne mai hankali zai ce a kawo tsumma da man goge ƙarfe a zauna a yi ta murza. Munzali bai kai wurin a bidiyo ba. Sai ya ƙirƙiro nasa.

"Ai wannan matakin farko ne, ranka ya daɗe. Wanka kawai na yi masa. Saura jiƙo. Alhaji, ka taɓa ganin an dafa ganda a tsaitsaye? Abu mai tauri sai an ba shi kanwa da yawa, an rufe, an manta da shi. In ɗan tsomawa ya ba mu fari, ka yi tunanin abin da jiƙo zai ba mu. Madubi. Sai ka sa tabarau kafin ka kalle ta."

Alhaji ya koma mota ya ɗauko kwali. Ashe ya riga ya kwance motar wasan gaba ɗaya, ga ƙarafan nan reras har da kusoshinsu.

"Babu irinsu a ƙasar nan, Munzali. In ɗaya ya ɓata, sai an sake aikawa."

"Suna hannun da ya dace."

"Gobe bayan Juma'a zan zo. Da Nata'ala zan zo, ya gani da idonsa."

Da yamma Munzali ya shiga 'yan gwanjo ya sayo wata kwat mai kauri, irin mai gashi a wuya. Wai sanyin Chaina ƙanin na Jamus ne, amma ba a raina shi. Zafin da ake yi a lokacin, ƙadangare ma sai ya nemi inuwa.

Safiyar Juma'a sai maganar mazubi ta taso. Na ce masa ga bokitin roba nan a shagona, tunda a roba ya yi na farko. Ya kalle ni kamar na zage shi.

"Alhazai biyu za su zo, in buɗe musu bokitin wanki? Haladu, shi ya sa har yau kake nan."

Sai ya nufi rumfar Iya Ladidi. Ita ce mai sayar mana da shinkafa da wake a bakin layi, kuma kowa na shakkarta, don ludayinta ba miya kaɗai yake ɗiba ba. Tana da wata babbar tukunya ta biki, irin wadda maƙera ke zubawa da narkakken alminiyam, ta goge ta tana sheƙi. Ranar Juma'a ba ta ɗora ta sai da yamma.

"Iya, barka da hantsi. Tukunyar nan nake so ki ara min zuwa La'asar."

"Me za ka dafa, kai da ko mata ba ka ajiye ba?"

"Aikin injiniya ne, Iya. Ba za ki gane ba."

"To kar in gane. Ajiye min abata."

"Haba Iya. Ni da zan tafi Chaina? Me kike so in taho miki da shi?"

Ta ce, "Ana samun fulas ɗin nan mai hawa uku?"

"A can a ƙasa ake zubar da su."

"Ɗauka. Amma in ka ƙona min gindinta, ni da kai ne."

"Wuta ba za ta gan ta ba, Iya. Na rantse."

Ya girke tukunya a ƙofar shagonsa inda kowa zai gani. Ya karɓo tafasasshen ruwa wurin mai shayi ya juye. Ya buɗe gwangwani ya zazzage garin Jamus gaba ɗaya, har yana bubbuga gindin gwangwanin. Sannan ya kawo kwalin Alhaji ya tuttule, ƙarafa da kusoshi da komai.

Fuuuu! Tukunya ta ɗauka. Wani farin hayaƙi ya tashi, ya shaƙe mu, muka watse muna tari. Ƙudajen layinmu, waɗanda ko hayaƙin walda ba ya korarsu, ranar sai da suka yi hijira. Munzali ya kifa murfi. Murfi ya hau rawa, ƙwal-ƙwal-ƙwal.

Na ce, "Kai Munzali, abin nan tafasa yake, ba wuta a ƙarƙashinsa."

"Shi ya sa ake ce masa na Jamus."

"Murfin fa?"

"Launin ne ke neman hanyar gudu."

Ya ɗauko bulo ya danne. Ya shiga shago ya sa farar shadda, ya ɗora kwat ɗin nan a kai, ya fesa turare, muka tafi masallaci.

Da an idar da salla ya dawo, wataƙila da an tsira da wani abu. Amma ka san Juma'a. Ana sallamewa aka ce akwai ɗaurin aure, a tsaya. Munzali bai san ango ba, bai san amarya ba, amma ya kutsa sahun gaba ya karɓi goro da dabino. Daga nan ya tsaya a ƙofar masallaci yana sallama da jama'a. Labari ya riga ya zaga. Wannan ya ce a taho masa da waya, wancan agogo, wani tsoho ya ce maganin gwiwa. Munzali na gyaɗa kai, gumi na bin kwat, yana cewa kowa ya kwantar da hankalinsa, kaya ba sa yi masa nauyi a jirgi, ma'aikatan sun san shi. Har liman sai da ya yi masa addu'ar Allah ya kai lafiya. Duk wanda ya gaisa da shi kuma sai ya gayyace shi buɗe tukunya.

Ni na riga shi dawowa. Tun daga bakin layi na ga wani abu mai ruwan toka yana malalowa daga ƙarƙashin tukunya, yana kumfa, ya yi hanya har cikin kwata. Murfin ya daina rawa. Layin ya yi tsit. Na ja benci na zauna daga nesa, don irin wannan ba a kallonsa a tsaye.

Sai ga Munzali da rundunarsa. Ba a jima ba motar Alhaji Ɗayyabu ta tsaya, ya fito shi da Alhaji Nata'ala, wani ƙaton mutum mai tumbi da dariya a bakinsa tun kafin a ce komai.

"Ina amaryar? An ce yau za a wanke mata lalle."

Munzali ya tsallake abin da ke malala kamar bai gani ba. Ya tsaya a kan tukunya ya yi gyaran murya.

"Jama'a, abin da za ku gani yau, ko a Legas ba a yi. Masu raunin ido su ɗan matsa baya."

Ya sauke bulo. Ya ɗaga murfi.

Muka leƙa. Ruwa ya tafi. Abin da ya rage a ƙasa wani kunu ne mai kauri, launin toka, yana ɗan numfashi, fut, fut.

Alhaji Ɗayyabu ya ce, "Ina ji a ƙasa suke."

"A ƙasa suke, ranka ya daɗe. Sun kwanta."

Ya sa filaya ya lalubo. Ya zaro kusa. Ya sake, wata kusar. Ya tara su a faranti, ya watsa musu ruwa, ga su nan garau, ko ƙwarzane babu, don su baƙin ƙarfe ne, sodar ba ta kula su ba.

"Ka ga haske, Alhaji?"

"Kusoshin dama farare na kawo su. Ci gaba."

Ya sake lalube. Wannan karon ya daɗe. Sai ya ɗago wani abu siriri, ya ɗauraye, ya miƙa. Hannun taya ne, ko kuma abin da ya taɓa zama hannun taya. Da safe kaurinsa ya kai yatsa. Yanzu in ka ci nama za ka iya sakace da shi. Ramin da kusa ke shiga ya buɗe, har ɗan yatsan Alhaji ya wuce ta ciki. Alhaji ya riƙe shi da yatsu biyu, abin ya sunkuyar da kai a hankali kamar mai neman gafara.

"Wannan fa?"

"An rage mata nauyi, ranka ya daɗe. Sirrin gudu kenan. Turawa kuɗi suke biya a yi musu haka."

"Na gane. Farantin ƙasa fa?"

Farantin ya fito. Alhaji ya ɗaga shi sama, rana ta ratso ta jikinsa ta yi masa ɗige-ɗige a fuska. Wata mata daga baya ta ce in ba a so a ba ta, za ta tace koko.

"Iska za ta riƙa ratsawa, injin ba zai yi zafi ba," in ji Munzali.

"Hannayen taya huɗu na kawo. Na ga ɗaya."

Munzali ya yi ta yawo da filaya a cikin kunun nan. Ya samo rabin na biyu.

"Sauran fa?"

"Suna cikin ruwan, Alhaji."

"Ruwan fa?"

Munzali ya kalli ƙasa. Duk muka bi hanyar da ido, daga gindin tukunya har bakin kwata.

"Ya ɗan fita."

Alhaji Nata'ala, da tun ɗazu tumbinsa ke girgiza ba sauti, ya cire hula, ya share hawaye, ya kama hannun abokinsa da hannu biyu.

"Alhaji, sai haƙuri. Ashe ba mai daɗewa ba ce. Yarinya mai kunya, ba ta taɓa ɓata wa kowa ba. Jama'a, a yi mata addu'a."

Wallahi wasu sai da suka ɗaga hannu.

Ana cikin haka sai ga Iya Ladidi ta ratso taro, zani ɗaure a ƙugu.

"La'asar ta yi. Tukunyata."

Hanya kawai aka buɗe mata. Ta leƙa, ta yamutsa fuska, ta kama kunnuwan tukunya ta kifar da kunun. Ta ɗauki bokitin ruwa a shagona ta sheƙa a ciki don ta ɗauraye. Ruwan bai ko gaisa da tukunyar ba, ya zarce ƙasa ya jiƙa mata silifa. Ta sake sheƙa wani. Haka. Ta ɗaga tukunyar ta ƙwanƙwasa gindin da ɗan yatsa. Ɓurum! Gindin ya faɗo gaba ɗaya kamar ɓawon ƙwai.

Ta ɗaga abin da ya rage a hannunta, ta kalli Munzali ta cikinsa. Ta daɗe tana kallonsa.

"Iya, wuta ba ta taɓa ta ba. Ga shaidu. Haladu, wuta ta taɓa ta?"

Na ce, "Ba ta taɓa ta ba."

"Kin ji ko."

Iya Ladidi ta matso, ta ɗaga tukunyar da hannu biyu, ta zura masa ita ta ka. Ta sauka ta zauna daram a kafaɗunsa, a kan gashin kwat. Hularsa ta faɗi. Kansa ya leƙo ta sama kamar kan kunkuru.

"Kar ka cire. Haka za ka biyo ni wurin maƙera, su auna su ga irin wadda za ka zubo min. Bari in rufe rumfa."

Ta tafi. Mutanen da suka ba da saƙon waya da agogo suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Tsohon mai ciwon gwiwa ma ya tafi da sauri.

Alhaji Ɗayyabu ya tattara kusoshinsa ya zuba a aljihu. Ya naɗe farantin da hannun taya ɗaya da rabi a hankici. Ya yi wa kowa sallama da suna, har ni. Ya juya zai shiga mota.

Kai ka ce a nan mutum zai nemi ramin da zai shige. Munzali sai ya biyo shi, tukunya na ƙwaram-ƙwaram a wuya.

"Ranka ya daɗe! Alhaji! Maganar tafiyar fa?"

Alhaji ya tsaya, hannunsa a kan ƙofa.

"Ai launin ka ce in cire," in ji Munzali. "A duba a gani, akwai sauran ruwan hoda?"

"Babu. Ko ɗigo. Launi ya fita, mota ta raka shi."

"To ka ga alkawari ya cika kenan."

Alhaji ya kalli sama, kamar mai lissafi. Sannan ya ce, "Munzali, in tambaye ka mana, tunda ka san ƙarfe. Jirgin saman nan, da wane ƙarfe ake ƙera shi?"

Sai na ga idon mutumin ya kawo wuta. Ya gyara zaman tukunya a kafaɗa, ya ɗaga yatsa, ya juyo don sauran jama'a su ji.

"Alminiyam ne zalla, ranka ya daɗe! Irin na motarka sak. Daga hanci har wutsiya, fukafukai, ƙofofi, har kujerun. Ai ni in na shiga jirgi, kallo ɗaya nake masa in san inda..."

"Madalla," in ji Alhaji. Ya shiga mota, ya rufe ƙofa, ya sauke gilashi. "Ina da iyali, Munzali. Ranar tafiya, in ka ji mun zo wucewa ta saman layin nan, ka fito ka ɗaga mana hannu. Amma kar ka miƙa shi da yawa."